Ƙarar da Na Bari a Bayan Muryar Tanko

Watanni kaɗan da suka wuce wasu matasa uku suka same ni a ƙofar gida bayan la'asar, kowannensu riƙe da waya, ɗaya har da sandar da ake kafa ta. Sun buɗe shafi, suna zagaya Birnin Gwari suna tambayar mutane ra'ayinsu a kan siyasa da ƙwallo da fina-finai, kuma an gaya musu cewa na shekara ashirin da wani abu ina yi wa wani gidan rediyo na Kaduna irin wannan aikin. Babbansu ya ce, "Baba, ai aikin ba wuya. Waya kawai za ka miƙa, mutum ya yi ta zuba." Na ba su ruwa, na yi musu addu'a, suka tafi. Abin da ya kamata in gaya musu ba na tsaye ba ne, shi ya sa na zauna rubuta shi. Aikin jin ra'ayin jama'a ya ciyar da ni da iyalina, kuma ta hannuna ya raba wani direba mai suna Tanko da hanyar da yake ciyar da nasa iyalin a kanta. Duka biyun nake so ku sani, ku da kuke ganin miƙa waya ne kawai.

Fitata ta farko, rikodar ba a hannuna take ba, jakarta kawai aka ba ni. Na dawo daga jami'a a Zariya, ina koyarwa a makarantar sakandare, sai aka haɗa ni da Malam Yohanna, wanda shi ne wakilin gidan rediyon a yankinmu. Mutumin wajen Kusasu ne, yana jin Gbagyi da Hausa da Fulatancin da zai ishe shi gaisawa da neman hanya. Shirin da yake yi wa aiki na minti goma sha biyar ne, ranar Asabar da safe. Kowane mako tambaya ɗaya ce, a zagaya a ji abin da mutane za su ce. Kayan aikinsa rikoda ce mai kaset, da makirufo da ya ɗaure wa guntun soson katifa don iska, da biro na juya kaset idan ya harɗe, da batura huɗu da yake shanyawa a rana kamar barkono, wai su ƙara ƙarfi. A ranar mun shiga kasuwa, ya tsaya a tsakiyar rumfunan hatsi, ya kunna rikoda, ya ɗaga makirufo sama, bai tambayi kowa komai ba har tsawon minti guda. Na ce, "Malam, kaset na tafiya a banza."

Ya ce, "Kai da ka yi jami'a, me kake ji?"

Na ce hayaniya ce kawai.

Ya ce, "Akwai mudu yana bugun buhu, akwai akuya, akwai injin niƙa can baya. Idan na kai murya babu waɗannan, mai sauraro zai ce a ɗaki na zauna da ƙannena muka shirya. Ka fara ɗaukar wurin, sannan ka ɗauki mutum."

Wannan darasin shi ne ya fi kama ni a duk abin da ya koya mini. Shekara biyu na yi ina binsa kafin ya bar ni in fita ni kaɗai, kuma kunnena ya saba da cewa muryar kasuwa tana buƙatar mudu, muryar gareji tana buƙatar guduma, muryar tasha tana buƙatar hon ɗin mota. Da ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ya bar mini rikodar da aikin gaba ɗaya.

Wata safiya gab da wani zaɓe na je teburin mai shayi na bakin tsohuwar kasuwa da tambaya ɗaya: me kake so wanda ya ci ya fara yi? Mutum bakwai ne a wurin. Na fara da wani Alhaji da ke zaune a kan kujerar roba, ya ce hanya. Sauran shidan kowa ya ce hanya, wani ma da kalmomin Alhajin ya faɗa. Na kashe rikoda ina murna na gama da wuri. Na kai kwanar masallaci sai wani dattijo daga cikinsu ya cim mini yana haki.

Ya ce, "Ɗan nan, kunna abin nan. Ni ba hanya ce damuwata ba, ko keke ba ni da shi. Taki nake so."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa a can ba?"

Ya ce, "Alhaji ya riga ya ce hanya, ni kuwa a gonarsa nake aiki."

Daga ranar ban ƙara ɗaukar mutane a jere ba. A garinmu duk bencin da babba ya fara magana a kansa, ra'ayi ɗaya ne zai fito ko mutum ashirin ne. Sai ka janye mutum gefe, ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ka tambayi gida da gona, ka rage tsawo idan ya girme ka. Mata kuwa ba a teburin shayi ake samunsu ba. Wajen injin niƙa nake zuwa, in jira a kashe injin, in fara da wadda ta fi kowa shekaru don ta ba sauran izini. A can wata ta taɓa ce mini game da fina-finan yanzu, "Kowa a gidan bene yake. 'Yar aikin gidan ma ta fi ni zani. Su zo Kazage su yi fim ɗaya mana, mu ga ko jarumar za ta iya ɗauko ruwa."

Akwai kuma al'adar suna da gaisuwa. A wancan lokacin ba wanda zai ba ka ra'ayinsa sai ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ya gaida mai unguwa da surukinsa da abokinsa da ke Legas. Minti goma sha biyar ba za su ɗauki wannan ba, dole a yanke. Amma wanda ka yanke wa gaisuwa gaba ɗaya ya zama abokin gabarka har shekara. Tsarin da na gada shi ne a bar suna, a bar gari, a bar gaisuwa ɗaya. Mutane ba ra'ayin ne ya fi damunsu ba, so suke a ji su a ƙauyensu ranar Asabar.

A wani gidan gem da ke bayan tasha na koyi amfanin yin shiru. Ɗaki ne mai talabijin uku da janareto, samari suna buga ƙwallo da abin dannawa, masu jiran layi suna yi musu ihu. Tambayar makon ita ce ko gem yana ɓata matasa. Na samu wani dogon saurayi da aka ce ba a taɓa cinye shi sau biyu a jere ba. Ya ce, "Yallaɓai, nishaɗi ne kawai. Masu cewa yana ɓata mu, ludo suka yi a zamaninsu, me suka zama?" Abokansa suka kwashe da dariya. Da sabon shiga ne ni, da nan zan kashe, domin na samu abin dariya. Sai na bar makirufo a bakinsa, na ƙi cewa komai, ina ƙirga biyar a zuciyata. Dariyar ta lafa. Ya dubi talabijin ya ce, "Shekara huɗu da na gama makaranta. Nan ne kaɗai wurin da idan na yi ƙoƙari nake ganin sakamako." Amsar farko ta jama'a ce, mutum yana ba da ita don abokansa. Tasa ta kansa tana zuwa ne bayan shirun, kuma mafi yawan masu riƙe da waya yanzu ba sa iya jure shirun daƙiƙa biyar.

A gareji na fara ɗaukar Tanko. Tambayar ita ce: tsohuwar mota ko sabuwa mai kwamfuta? Yana tsaye a kan bakanike ana gyara masa burki, gajere ne mai faɗin ƙirji, da tawul a wuya. Motarsa tsohuwar farar wagon ce, yana jigilar fasinja da kaya tsakanin gari da ƙauyukan Gayam da Kazage.

Ya ce, "Malam, motar da sai an kawo kwamfuta ta gaya maka ciwonta ai majinyaciya ce, ka gane ko? Tawa idan ta yi tari na san abin da ta ci."

Bakaniken ya leƙo daga ƙarƙashi ya ce, "Taka da kullum sai an tura?"

Ya ce, "Motsa jiki nake ba fasinja kyauta. Masu otomatik duk ga su nan da tumbi, ƙafar hagu ta mutu. Direban da ba ya taka kuloci ai fasinja ne da aka ba sitiyari."

Tun daga nan ya zama cikin mutanen da nake komawa wurinsu idan mako ya yi mini tauri. Kowace tambaya yana da amsa: kujerar shugaban ƙaramar hukuma, wayar da ake shafawa, mawaƙan da ke rera sunan duk wanda ya hau mulki. Ba ya kwaikwayon kowa, kuma ba ya jiran babba ya fara. Bayan bakinsa, abu na biyu da aka san shi da shi hon ɗin motarsa ne. Wani mai gyaran wutar mota ya haɗa masa guda uku, na babbar mota da na babur da na wagon ɗin kanta, sai ya zama idan aka danna zai yi kauri, ya yi siriri, sannan ya ƙare da wata ƙara kamar ta zakara mai mura. Babu mai irinsa a duk hanyar. Mutanen ƙauyuka tun daga nesa suke jinsa su fito da kayansu bakin titi. Shi ne tallarsa, shi ne allon shagonsa.

Kayan aiki sun yi ta canzawa a hannuna. Kaset ya tafi, rikoda mai memori ta zo, na sayi kwamfutar cinya na koyi tace murya da kaina: in yanke, in liƙa, in rage hayaniya, in tura wa furodusa ta waya a cikin minti biyar. Aikin ya yi sauƙi ta wannan fuskar, ya yi wuya ta wata. Mutane suka fara ba ni amsoshin da suka ji a saƙon murya na waya, kalma da kalma, mutum huɗu a unguwa huɗu. Na kuma fara tambayar kaina abin da har yau ban gama amsawa ba: idan na ɗauki mutum talatin na zaɓi takwas, na yanke wa kowannensu rabin maganarsa, ra'ayin jama'a na kai ko nawa na kai da bakinsu? Malam Yohanna bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Wataƙila don kaset ba ya yankuwa da sauƙi.

Sannan shekarar da ta fi kowace muni ta zo. Ba sai na gaya muku yadda dajin nan ya koma ba, a cikinsa kuka girma. 'Yan bindiga suka tare hanyoyi, ƙauyuka suka watse, makarantun gari suka cika da masu gudun hijira. Hukuma ta rufe sabis ɗin waya, ta hana hawa babur, ta hana sayar da mai a jarka, don a toshe wa mutanen daji hanyar samun labari da kaya. A sana'ata abubuwa biyu suka faru. Na farko, al'adar suna ta juye. Mutumin da a da zai yi fushi don na yanke gaisuwar surukinsa, yanzu shi ke riƙe mini hannu yana cewa, "Don Allah Malam, kada ka faɗi ko unguwarmu." Na biyu, tura aiki ta waya ya tsaya. Sai in tace muryoyin in gama, in zuba a memori, in naɗe a takarda, in ba direban da zai bi ayarin motoci zuwa Kaduna. Furodusa ba zai iya kirana ya tambayi komai ba, ni ma ba zan iya kiransa in ce a cire wani abu ba. Abin da ya bar hannuna ya tafi ke nan.

Ranar wata Laraba da safe na shiga tasha da tambayar makon: rufe sabis ɗin waya ya yi amfani? Mutum goma sha ɗaya suka ƙi ni, wasu ko gaisuwa ba su bari mun gama ba. Tanko yana jingine da ƙofar motarsa, an kusa gama lodi, an ɗaure buhuna a bisa. Ya yafito ni.

Ya ce, "Malam, yau ba mai saye?"

Na ce, "Kasuwa ta mutu, Tanko."

Ya ce, "Kawo. Amma ka cire sunana, ka gane ko? Ina da 'ya'ya shida."

Na ce, "Zan cire. Har muryar zan canza."

Ya matso da bakinsa ya ce, "An rufe mana waya, mu ne muka kurmance. Matata ta haihu ina Gayam, sai bayan kwana biyu na ji. Su kuwa saƙonsu bai tsaya ba ko na yini ɗaya, don ba da waya ake kai musu labari ba, da ƙafa ne. Masu kai musu burodi da mai da magani, a tashar nan suke shiga mota. Mun san su. A gidan gaba ma suke zama, su sauka inda babu gari." Yana rufe baki sai hon ɗin motar ya tashi, kauri, siriri, da ƙarar zakaran. Ya ce, "To, ana kirana," ya shiga ya ja.

Da azahar na zauna tacewa a ɗakina, da batirin sola. Na yi aikin a tsanake, ba zan ce gaggawa ce ta sa ni ba. Na cire duk inda ya ce "ka gane ko", domin kowa ya san kalmarsa ce. Na cire maganar haihuwar matarsa da sunan Gayam. Na saukar da muryar ta yi kauri har ni kaina ban gane ta ba. A gabatarwa na ce, "wani bawan Allah da muka zanta da shi." Sai na zo kan hon ɗin. Bai hau kan maganarsa ba, a bayanta yake, daƙiƙa biyu, yankewa ɗaya ta isa. Na saurare shi sau uku. Abin da kunnena ya gaya mini shi ne: ga magana mai nauyi, ga shaidar cewa a tasha aka yi ta, ba a ɗaki ba. Shekara ashirin ina neman irin wannan rufewar. Na bar shi.

Na sha juya wannan a raina. Da furodusan Kaduna ne ya bar shi, da sai a ce bai sani ba, a wurinsa hon hon ne. Ni kuwa na san na waye, na sha jinsa daga cikin aji ina koyarwa. Ban manta ba. Abin da ya faru shi ne a wannan lokacin ban ji shi a matsayin sunan mutum ba, na ji shi a matsayin ƙarar wuri, yadda aka koya mini. Kuma na kasa tuna abu mafi sauƙi: tunda aka rufe waya kowa ya koma rediyo, na gari da na daji.

An sa shirin ranar Asabar. Ranar Litinin 'yan bindiga suka tare wata mota a hanyar Gayam, ba ta Tanko ba. Ba su ɗauki kowa ba, ba su karɓi komai ba. Suka ce wa direban, "Ka gaya wa mai hon uku mun ji shi a rediyo. Muna gaishe shi." Kafin la'asar babu wanda bai ji ba a tasha. Shugaban direbobi, wani dattijo da ake kira Alhaji Mudi, ya aiko a kira ni. Bai ba ni wurin zama ba.

Ya ce, "Malam, kai ne mai ilimi a cikinmu. Ka cire masa hula ka bar masa fuska?"

Na ce, "Alhaji, kuskure ne."

Ya ce, "Na san kuskure ne, ai ba a ce ka sayar da shi ba. Yanzu gaya mini wanda zai shiga motarsa."

Babu wanda ya shiga. Tanko ya cire hon ɗin a ranar, ya sa na kowa da kowa. Ya kai motar aka yi mata shuɗin fenti. Duk a banza, domin mutanen da suka shekara goma sha biyar suna shiga mota ba fenti suke dubawa ba. Idan layinsa ya zo sai ya buɗe ƙofofi huɗu ya tsaya, fasinja su zauna a inuwa da kayansu suna kallon ƙasa, har a gaji a ba na bayansa lodi. Ina wurin wata rana ya ce wa wata dattijuwa 'yar Kazage da ya saba ɗauka, "Inna, yau ma ba za ki shiga ba? Ni ne fa na kai ki asibiti da ƙafarki ta kumbura."

Ta ce, "Tanko, ba ƙin ka muke yi ba. Jikoki gare ni a gida."

Na je masa da shawarar ya koma hanyar Funtuwa ko ya tafi Kaduna ya yi haya a cikin gari. Ya ce kowace tasha da 'ya'yanta, ba a shiga layin mutane da tsohuwar wagon da sunan da ya riga ka isa. Na ce zan yi magana a shirin in ce ba direba ba ne ya yi maganar. Ya ce, "Malam, don Allah kada ka ƙara taimakona da rediyo."

Ya yi kusan wata biyu a haka. Daga nan wani ɗan kasuwa ya ba shi ɗauko masara daga Kazage, kaya kawai, babu fasinja. Alhaji Mudi ya hana shi, Tanko ya ce gida babu abinci, ya tafi. A dawowa suka fito masa a wata kwana da rana tsaka. Ya buɗe ƙofa motar tana tafiya ya faɗa daji, ya yi gudu har ya rufta wani kwazazzabo. Suka ƙone motar da masarar. Manoma suka tsince shi washegari da karaya biyu a ƙafar hagu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta haɗe a karkace. Da ita ake taka kuloci.

Na ci gaba da aikin shekara biyu bayan haka, sannan na mayar da rikodar. Ba wanda ya kore ni, a Kaduna ma ba su san abin da ya faru ba sai da na faɗa. Abin da zan ce muku, ku masu ɗaukar har da fuska, kaɗan ne. Mutumin da ya ce ku ɓoye shi, ba sunansa kaɗai ya ba ku amana ba. Ku dubi allon shagon da ke bayansa, da lambar motar, da tabon hannunsa, da muryar mai kiran sallar unguwarsu. Ku tambayi kanku wa zai gane, ba a Kaduna ba, a nan, da cikin dajin can. Idan maganar ta yi muku daɗi ƙwarai, a nan ne ya kamata ku fi jin tsoro. Kuma ku sani cewa ku za ku koma gida da wayarku, shi kuwa gobe a wannan hanyar zai bi.

Na daɗe ban je wurin Tanko ba. Na aika da abin da na iya aikawa ta hannun Alhaji Mudi, amma ƙafata ba ta kai ni ba sai bara. Yana zaune a gidan wansa a bayan asibiti, a kan benci a ƙofar gida, da sanda a gefe. Ya rame, tawul ɗin dai yana wuya. Muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta. Can ya ce, "Malam, kana da abin nan har yanzu?"

Na ce, "Wanne?"

Ya ce, "Wanda aka sa. Ka san ban taɓa ji ba? Ranar ina hanya. Kowa ya ji sai ni."

Yana cikin wayata, na kwafe shi tun lokacin. Na sa masa iyafis ɗaya a kunne, na sa ɗayan. Muryar ta fito da kaurinta. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ƙaton ni ne? Kamar sarkin fawa." Maganar ta ƙare, hon ɗin ya tashi. Ya daina dariyar. Ya ce in sake, na sake.

Ya ce, "Ka san ba ni na danna ba? Hannuna biyu a kan ƙofa suke. Wani mai kaji ne a gidan gaba, ya gaji da jiranmu."

Na ce, "Ni na bar shi, Tanko. Na ji shi, na san naka ne, na bar shi."

Ya ce, "Na sani. Ai kai ba kurma ba ne."

Ya zare iyafis ɗin yana juya shi a hannu. Sannan ya ce, "Abin da na faɗa ɗin nan, duk jihar ta ji. An kama ko mutum ɗaya?"

Na ce, "Ba a kama ba."

Ya ce, "Har yanzu a tashar suke shiga?"

Na ce, "Haka ake cewa."

Ya ce, "To goge shi."

Na goge. Ya ce in nuna masa, na juya masa wayar ya ga wurin babu komai. Ya miƙo mini iyafis ɗin, sannan ya miƙo hannu in taimaka masa ya tashi, domin an kira la'asar.